Ranar da Mama ta tuge ciyawar tsohon coci

Shekarar da na haifi 'yata ta fari, a shekarar ce ƙaramar hukuma ta rufe gidan rainon yara na unguwarmu a Salford, a Ingila. Wai gwamnati na tsuke bakin aljihu, to a kanmu aka tsuke shi. Ina aikin kula da tsofaffi, mijina yana tuƙin bas, ba mai zama da jaririya. Mama ta zo daga ƙauyenmu na kudancin Kaduna don wankan jego, da sharaɗin wata uku. Ni kuwa na ƙudura sai ta cika wata shidan da bizarta ta ba ta, ko Allah zai kawo mafita, don in ta tafi, aikina ya tafi.

Sai na shiga lallashi. Har acca na sa ƙanena da ke karatu a Birmingham ya nemo mata. Shi ne ya kawo shawarar mu fitar da ita ta ga gari.

"Yaya, kin kulle ta a flat kamar kaza a akurki, ba dole ta yi kewar gida ba?"

Ya ce akwai wani ɗan tsibiri can arewa maso gabas, inda masu wa'azin farko suka gina coci. Mama ba ta wasa da zumuntar mata ta coci, za ta so ganin wurin. Ya aro mota muka kama hanya.

Titin shiga tsibirin, teku ke rufe shi ya buɗe, sai da muka jira ruwa ya janye. Da muka isa, ga ginin jan dutse, dogayen bango, ba rufi ba ƙofa, iska na shiga ta nan ta fita ta can. Turawa sai ɗaukar hoto suke yi. Mama ta tsaya ta ɗaga kai.

"Su wa suka ƙona musu?"

Na ce ba wanda ya ƙona, watsewa aka yi aka bar shi.

"Au, kango kuka kawo ni?"

Na juya ina gyara wa 'yar hula. Kafin in waigo, Mama ta durƙusa a gindin bango tana tuge ciyawar da ta tsiro a tsakanin duwatsu, ta ma tara tuli guda. Haka take yi wa katangar gidanmu duk shekara kafin a yi yaɓe. Wata ma'aikaciyar wurin ta taho da sauri, fuskarta ja, tana cewa ba a taɓawa. Ƙanena ya yi ta ba da haƙuri. Kunya ta kama ni, haushi kuma ya fi kunyar.

"Haba Mama! Wa ya sa ki?"

"Ku gaya mata saiwa ce ke tsaga bango," in ji Mama. "In ba a cire ba, sauran ma zai zube."

Ba wanda ya fassara. Akwai tsohon gidan sarauta a kan tudu da muka so kai ta, ta ce ƙafarta ta gaji. Ta koma mota ta zauna, da ƙasa a farcenta.

Muna tsallake titin ruwan nan ta ce, "Ki duba mini jirgi. Damina ta kusa, ban yi yaɓe ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a sa yaran maƙwabta mana. Ta ce su da ba su yaɓe nasu ba. Na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi mata ba.

"Yanzu katangar laka ta fi miki jikarki?"

Mama ta kalli 'yar da ke barci kusa da ita.

"Babanku na kwance a gindin katangar nan. In ta faɗi, a kansa za ta faɗi."

Ƙanena ya rage rediyo.

Ta tafi kafin ruwan farko. Na ajiye aiki na zauna da 'yata, kuma na daɗe ina gaishe da Mama a waya sama-sama, don fushin bai sake ni ba. Ba ta sake zuwa Ingila ba. Mu ma ba mu samu zuwa gida ba sai ranar da muka je binne ta kusa da Baba, 'yata na riƙe da zanena tana tambayata da Turanci wace ce ta mutu.