Malam Sada, Mai Haɗa Gaban Saniya da Bayanta

Kullum da safe, kafin a buga ƙararrawa, Malam Sada yana bakin ajinsa da reza yana feƙe fensira. Guntaye ne da yara suka yar. In ya gama, sai ya ware buhunan siminti da ya roƙo wurin magina, ya kakkaɓe, ya yanka su daidai faɗin benci. Takardar zanenmu ke nan. Haka yake yi a wata sakandare da ke yamma da Batsari tun kafin a haifi wasunmu. Ƙarshen zangon nan zai yi ritaya ya koma gida Safana. Ba a turo kowa a madadinsa ba.

Koyarwarsa ba ta da ado. Sabon ɗalibi zai yi makonni yana jan layi kawai, miƙaƙƙe da lanƙwasasshe, hannu na tafiya tun daga kafaɗa. Sai da'ira. Sai tulu, a tsaye, a kwance, a kife, da inuwarsa. Magogi kuwa ya hana. "Bar kuskuren a wurin," yakan ce. "Ja na daidai kusa da shi, gobe ka ga inda ka taso." In ya ga ka duƙufa, sai ya ƙwanƙwasa benci. "Tulun a cikin takardar yake? Ɗago ka dube shi."

Sai an wuce tulu ake zuwa saniya. A nan ya lura da wani abu. Ɗan manomi bayan garma ya tashi, ta baya ya san saniya. Cinya da wutsiya da kofato duk zai fitar, amma kan ya zama na jaki. Yaron ruga kuwa gaban garke yake tafiya, in ya waiwaya fuska yake gani. Ƙaho da ido da hanci su fito kamar za su yi numfashi, ƙafafun baya kuma sanduna. Sai Malam ya kafa doka: kowane benci ɗan manomi da ɗan ruga, takarda ɗaya.

Haka Mati, ɗan wani manomi daga Yasore, ya zauna da Usaini, wanda rugarsu ke bayan gari. Duk ajin na jin su.

"Kai Kaɗo, wannan nagge ce ko jakin babanka?"

"Ɗan Fillo, taka ai ko ƙugu ba ta da shi. Da ƙaho za ta ja garma?"

Malam yakan wuce ya ce, "Ku yi ta zagin, amma fensir na tafiya." Kafin shekara kowannensu yana zana saniya daga hanci har wutsiya. Malam, wanda yabo ke masa wuya, ya taɓa cewa bai koyar da hannu kamar nasu ba.

Sai abin da ya same mu ya same mu. Ƴan bindiga suka kore shanun rugar su Usaini kaf. Da damina suka harbe yayan Mati a gona. Gari ya fara kallon duk mai sanda da malfa da mugun ido. Yaran ruga suka daina zuwa makaranta ɗaya bayan ɗaya, Usaini ne na ƙarshe. Burin Malam ɗaya ya rage kafin ya tafi: ya ga su biyun nan a benci ɗaya ko da sau ɗaya ne.

Ya hau tsohon babur ɗinsa ya yi ta cigiya, har ya iske Usaini a tashar Batsari yana dakon buhuna. Yaron ya durƙusa suka gaisa, Malam ya tambayi tsoho da tsohuwa da ƙannai. Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Malam, me zan zana? Ko maraƙi ba su bar mana ba."

"Kana tuna fuskar jar nan mai karyayyen ƙaho?"

"Ko a mafarki."

"To zo ka sa ta a takarda kafin ta gushe maka. Laraba ce darasina na ƙarshe."

Na Mati ya fi wuya. "Malam, kai ubana ne," ya ce, "amma kada ka sake haɗa ni da su."

"Usaini ne ya harbi yayanka?"

Mati ya sunkuyar da kai.

Ranar Laraba Usaini ya zo, ya wanke rigarsa. Fiddausi mai awara a bakin ƙofar makarantar ta ga komai, ita ta ba ni labari. Ɗan sa-kai da ke gadin ƙofa ya tare shi da gora.

"Daga wace ruga? Me ka zo leƙe?"

Malam ya fito da sauri, takardu a hammata. "Ɗalibina ne."

"Malam, ka yi haƙuri. Ba a shiga."

"To, ajin ne zai fito."

Malam, dattijo mai furfura, ya zauna a ƙasa a gindin katanga, ya shimfiɗa takardar siminti, ya zaunar da Usaini gefensa. Ya ɗaga murya ya kira ajin. Ƴan mata biyu suka leƙo suka koma. Mati ya tsaya a taga, fensir a hannunsa. Malam ya kira sunansa, ya sake kira. Bai fito ba, bai kuma bar tagar ba har aka buga ƙararrawa. Usaini ya gama zanensa, ya miƙa wa Malam, ya ce in an yi girbi za su tashi daga ƙasar nan gaba ɗaya. Fiddausi ta ce Malam ya daɗe a wurin, ya kasa miƙewa sai da ta kama masa hannu.

Kai ne, Malam, ka koya mana duba abu kafin mu ce mun san shi. Kai ne ka zauna a ƙasa ranar da kowa ke neman bango ya jingina. Ba ka yi nasara ba, kuma ba zan yi maka ƙaryar ta'aziyya ba. Ajin za a mayar da shi ɗakin ajiya. Mu da ka koyar, wasu na acaɓa, wasu sun tsere birni, wasu an binne. Duk da haka mun gode, gwanin layi, mai haƙuri da karkataccen hannu. Allah Ya saka maka da alheri, Ya sa ka gama lafiya.

Ku malaman da suka rage, ba wani babban abu ya yi ba da zai gagare ku. Yaro ya ɓace daga aji, ya bi sawunsa. An hana yaron shiga, ya fita wurinsa.

Kai kuma Mati, na san za a karanta maka wannan. Ba na tsammanin za ka je, amma bari in faɗa. Gero ya fara nuna. Usaini yana tasha tun safe har la'asar, kuma Malam bai ɗaure kayansa ba tukuna.