Asirin Mai Gyaran Firji

Duk wanda ya san Mai Firji ya san shi da fuskar wanda aka yi wa sata jiya. Ka ce masa ina kwana, ya ce maka kasuwa ta mutu. Shagonsa kuwa tun daga ciki har bakin kwata firji ne da injin sanyaya ɗaki suna jiran layi, masu otal da masu sayar da ƙanƙara ba su san kowa ba sai shi. Amma kullum rigar nan ce mai tabon baƙin mai, da wani babur da sai an tura yake tashi.

In za a yi masa adalci, ba rowa ce kaɗai ba, har da tsoro. Ya ga rubdugun da dangi suka yi wa wansa ranar da ya sayi mota, masu kuɗin makaranta da masu kuɗin haya, har motar ta koma hannun dillali. Tun daga nan ya ƙudurta cewa babu ɗan uwan da zai san abin da yake samu. Matarsa ma ta gaji da tambaya, ta koma yi masa addu'ar buɗi, shi kuma yana amsawa da amin ba kunya.

Ana nan sai ma'aikatan haraji suka zo, suka dubi firjin nan birjik, suka ce ya kawo bayanin abin da yake samu a shekara ko su garƙame shagon. Dole a nemi akanta, mai lissafin kuɗi. Akanta na farko da ya je wurinsa ya faɗi kuɗin aikinsa, Mai Firji ya miƙe ko sallama babu. Ga ɗan wansa akanta ne, magidanci mai ofis a saman wani kantin magani, kuma ba zai karɓi ko sisi ba. Ya yi ta juya abin a ransa, son banza ya rinjayi tsoro.

Ya kwaso rasidansa daga cikin wata matacciyar firiza da yake ɓoye su, ya kai ofishin ɗan wan nasa, ya zube masa a tebur, ya tura ƙofa.

"Ka rantse ba mai ji."

"Baffa, aikinmu ke nan. Abin da na gani a nan, a nan yake mutuwa."

"Ko ubanka."

"Ko Babana."

Da akanta ya gama tara lissafin ya ɗago ya dubi rigar, ya dubi Baffansa. Kallon nan ya tsaya wa Mai Firji a rai. Daga ranar, duk taron da dangi suka haɗu idonsa na kan yaron wansa. In ya gan shi yana dariya da wani, ya matsa kusa ya kasa kunne. In wata gwaggo ta gaishe shi da fara'a, ya ce shi ke nan, an tona. Shekaru suka yi ta wucewa, babu wanda ya roƙe shi ko kuɗin sabulu.

Wata safiya matarsa tana shanya ta ce masa an sallamo Yaya Babba daga asibiti. Yaya Babba, babbar yayarsu, ita ce ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta kai shi koyon gyaran firji. Ashe aikin ido aka yi mata, an daɗe ana haɗa kuɗin, kafin su cika ido ɗaya ya riga ya tafi. Injin niƙan da take ci da shi ma an sayar.

Ya haye benen ofishin ɗan wansa yana haki.

"Kana wurin aka yi taron haɗa kuɗin?"

"Ina wurin, Baffa. Aka zo kanka, Gwaggo, ita Yaya Babban da kanta, ta ce a tsallake ka, kana fama da kanka."

"Ka yi shiru?"

"Ka sa na rantse."

"To ni me ya hana ka gaya mini?"

"Ita ma ni nake yi mata lissafin injin. Ta ce kar ka ji, hankalinka zai tashi."

Ya nemi abin zagi ya rasa. Yaron bai yi masa laifin komai ba, haushin ke nan.

Da ya je gidan Yaya Babba ya tarar da ita zaune a bakin gado, rabin fuska a naɗe da bandeji. Kunya ta kama shi, tausayinta ya cika shi, har ya buɗe baki zai faɗa mata komai. Sai ya lura ɗakin cike yake da 'yan dubiya, duk dangi, kowa da kunnensa. Ya ce Allah ya ƙara sauƙi.

Da ya tashi tafiya ta lalubo hannunsa, ta kwance bakin zane, ta danƙa masa 'yan kuɗi a ɓoye.

"Ka sa mai a babur, Auta. Na san ba ka da shi."

Ya dubi mutanen ɗakin. Ya sa a aljihu, ya ce an gode.