Hayatu da Bindigarsa Mai Kuskure

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 9 ga Satumba, 2025, bayan sallar la'asar, Allah Ya karɓi ran Hayatu a Gummi, bayan jinyar da ba ta daɗe ba. Ya tafi daidai lokacin da shinkafar fadama ta fara fitar da kai, lokacin da ya fi so a duk shekara.

Hayatu, kai ɗan gwaggona ne, ni ɗan kawunka, wato taubasai muke. Tun muna yara aka ba ni izinin in tsokane ka, kuma ban taɓa wasa da wannan izini ba. Yau ga bakina cike da tsokana, babu wanda zan juye wa. Ina kewarka, kewar da ban san tana jirana ba.

Mutane za su faɗi alherinka, kuma yana da yawa. Gonar Inna Habsu, tsohuwar da ba ta da ɗa namiji, kai kake fara kore mata tsuntsaye kafin ka waiwayi taka. Duk abin da ka harbo, maƙwabta suna jin ƙamshinsa a tukunyarsu kafin taka ta tafasa. Ni dai zancen bindigar zan yi, domin mutanen garinmu sun daɗe suna yi maka dariya a kanta ba tare da sun san abin da suke wa dariya ba.

A ƙuruciyarmu babu wanda ya kai ka iya saiti da bindigar iska a fadamar Gummi. Hasbiya da kurciya da agwagin ruwa masu ɓarnar shinkafa sun san inuwarka. Yadda maharban fadama suke yi kuwa sananne ne: mutum yana tsaye cikin ruwa har gwiwa, aljihu a jiƙe, hannu biyu a kan bindiga, saboda haka ƙwayoyin harsashin dalma a baki ake ajiye su, a kunci, ana zaro ɗaya bayan ɗaya. Haka muka taso muka gani. Nakan ce maka kuncinka ya fi na biri iya ajiya.

Sai shekarar 2010 ta zo. Matarka Dija ta tafi garinsu Dareta jinyar Innarta, da Zayyanu a hannu, da jaririya Mardiyya a baya. A tsakar gidajen garin ake daka dutsen zinariya a lokacin, yara suna wasa a cikin ƙurar. Zayyanu ya fara suma yana sanƙarewa, ya rasu bai kai ga cika shekara uku ba. Likitocin da suka zo Anka suka ce gubar dalma ce. Mardiyya ma an same ta da ita a jini, aka yi ta ba ta magani har Allah Ya tashi kafaɗarta.

Bayan sun dawo, wata rana ka shigo gida daga fadama, ka tofar da sauran harsasai a tafin hannunka kamar yadda ka saba. Dija ta tambaye ka da me ake yin su, ka ce da dalma. Ba ta yi kuka ba, ta dai ɗauki Mardiyya ta shige ɗaki ta rufo ƙofa. A ranar ka yi mata alkawari cewa dalma ba za ta sake shiga bakinka ba, ba za ta kuma sake kwana a gidanku ba.

Ka je Sakkwato ka sayo wata bindigar iska ta hannu mai magazin, wani ɗan faifai mai ramuka da ake jera harsasai a ciki, yana juyawa da kansa bayan kowane harbi. A bukkar gona kake cika shi, ka wanke hannu da sabulu a bakin gulbi, sannan ka shiga ruwa. Shekarun farko lafiya lau. Daga baya sifirin ɗin ƙarfe da ke juya faifan ya saki, gefensa ya cinye, ramin ya daina tsayawa daidai da bututu. Sai harsashi ya shiga da ƙarfi, gindinsa ya lanƙwashe, ya fita yana rawa. Ka saita hasbiya, ganyen da ke hagunta ya faɗo. Wani lokaci harsashi biyu su shige tare, su zube a gabanka kamar an jefa tsakuwa.

Ka kai shi wurin maƙera a Gummi, ka kai Anka, ka bi ranar kasuwar Bukkuyum. Kowa ya juya shi ya ce bai taɓa ganin irinsa ba. Da hanyoyi suka lalace da tashin hankali, tambayar kayan bindiga a kasuwa ta zama neman fitina, sai ka haƙura. Mutane suka fara cewa idon Hayatu ya tafi. Matasan da ka koya wa riƙon bindiga suka sa maka suna Mai Gaida Tsuntsu. Ka amsa sunan kana murmushi, ba ka taɓa kai ƙarar faifan gaban kowa ba, domin da ka faɗa za a ce ka cire shi ka koma ga kunci, kai kuwa ba ka son sunan Dija ya shiga bakin masu zaman majalisa a bakin hanya.

Ni na san idonka garau yake. Wata rana a kan tudu ka zare faifan, ka sa harsashi ɗaya da yatsa, ka kakkaɓo goruba daga saman bishiya, ka mayar da faifan, ka tafi wanke hannu.

Daminar da agwagin ruwa suka sauka a gonarka kamar an gayyato su, ina tsaye kusa da kai. Ka harba, ka kuskure, ka sake, ka kuskure, suna tashi suna dawowa. Abincin gidanka na shekara ne yake tafiya muna kallo. Na ɗebo harsasai na miƙa maka na ce, "Kai taubashi, ciro hwaihwan ga ka zuba su baki. Yau ɗai. Dija tana gida, wa za ya gaya mata?"

Ka dubi hannuna ka ce, "Ba ta sani, gaskiya na. Amma da bakin ga nika hura ma Mardiyya kunu."

Shinkafar da ka girbe a shekarar ba ta kai ku bazara ba. Ka yi ƙwadagon noman rani a gonakin mutane har damina ta zagayo, kuma ban ji ka ambaci agwagin nan ko sau ɗaya ba.

Mardiyya ta girma, tana makarantar sakandare yanzu, tana da dariyarka. A kwanakinka na ƙarshe, da hannunka ya kasa riƙe ludayi, na shigo na same ta a gefen tabarmarka. Takan ɗebo kunu, ta hura, ta taɓa da leɓenta, sannan ta kai maka baki. Ka ɗago ido ka dube ni. Na nemi abin tsokana na rasa, sai na fita waje.

Jiya na bi ta fadama. Shinkafarka ta yi kyau bana, tsuntsaye sun fara sauka. Na tsaya ina jiran ƙarar harbin nan da ba ya samun komai, ban ji ba.

Allah Ya jiƙanka, Hayatu, Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka. Yadda ka riƙe alkawari a inda babu mai ganinka, Allah Ya cika maka nasa, Ya haɗa ka da Zayyanu a Aljannar Firdausi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Dija da Mardiyya da ƙannenta, da gwaggona da ta ga tafiyar ɗanta, da dukan 'yan'uwa na Gummi da Dareta. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya kyautata tamu idan ta zo. Amin.

Taubashinka,
Hamisu