Kaset Ɗin Yaya Bello

Wata Juma'a a daminar 1984, ana saukowa masallaci, wani bafatake ya yi sallama gidanmu a Ƙofar Rini da saƙon Yaya Bello, babban wanmu da gwamnati ta tura karatu Amurka tun kuɗin mai na ambaliya. Kaset ne guda. Inna ba ta yi boko ba, shi ya sa wasiƙarsa da baki ta zo. Muka zagaye rakoda a tsakar gida, aka manta da tuwo a murhu. Ya gai da kowa da sunansa, har akuyar Inna bai bari ba.

A ɗaya gefen ya sako kiɗan da ake yayi can, wai shi hip hop. Ya ce samarin baƙar fata na unguwannin talakawan New York suka ƙago shi. Ba su da kayan kiɗa, sai su juya faifai biyu suna maimaita wurin gangar, wani yana zuba magana a kai. Inna ta kasa kunne, ta ce, "Ashe can ma akwai 'yan dambe, wanga ai kirari ne."

Ni kuwa kiɗan nan ya shiga jinina. In an taso makaranta, na gama ɗebo ruwa da yanko ciyawa, sai ni da abokaina mu shimfiɗa kwali bayan gida muna juyi da ka har ƙeya ta yi ƙulu. Ko kalma ɗaya ba mu ji, amma bakinmu ba ya hutawa. Ran nan ƙarambani ya sa na toshe ramin da ke hana ɗauka a kaset ɗin da takarda, na danna jan maɓalli don in ɗauki tawa waƙar. Ban duba wane gefe ba ne.

Da la'asar Inna ta kunna kamar kullum, sai ga ni ina zuba shirme. Ba ta doke ni ba, da ma ta doka. Cewa kawai ta yi in Yaya ya aiko wani, kada in taɓa. Wani bai zo ba. Kafin girbi Allah ya yi wa Yaya rasuwa, can aka rufe shi.

Yau 'ya'yana kan tura murya a waya su goge, ko a jikinsu. Abin da ya tsira na muryar Yaya a kaset ɗin nan "Salamu alaikum, Inna" ne, sai muryata ta faɗo a kai. Har Inna ta koma ga Allah tana mayar da shi baya saboda kalmomin nan uku. Ni har yau kunyarta nake ji.