Asauwarar Baffa

Jiya jikata ta miƙo mini wayarta, sai na ji akayau, kacau-kacau. Samari ne cikin kaya iri ɗaya suna taka asauwara a gaban manya, wai al'adar gargajiya. Ikon Allah! Na fara dariya, sai ga ƙwalla.

Ku 'yan yanzu ba za ku gane ba. A ƙauyenmu, can wajen Fakuwa, rawar 'yan iska ake ce mata. Sai an gama girbi, gari yana ƙanshin sabon gero, samari su sulale masussuka da la'asar su yi abinsu. Baffana, ƙanen mahaifina, shi ne gwaninsu. A rumbu yake ɓoye akayaunsa, ya cusa musu tsumma don kada su tona shi.

Duk da haka labari ya kai kunnen kakanmu. Bai zage shi ba, bai kore shi ba. Cewa kawai ya yi a riƙa zuba masa tuwonsa daban. Shekara da shekaru mazan gidan suna kewaye akushi a zaure, Baffa yana ƙofar ɗakinsa shi kaɗai. In na kai masa ruwa yakan ce, "Ke dai bari, 'yata. Da Baba zai ga ƙafata sau ɗaya, da ya huce."

Da kuɗin mai suka shigo ƙasa, sai gwamnati ta shiga neman wasannin gargajiya ruwa a jallo. Hedimasta da kansa ya yi sallama da Baffa, ya roƙe shi ya koya wa ɗalibai, domin wani babba zai zo Kankiya. Wayyo, murna! Baffa ya yi ta fama da yaran nan har muryarsa ta dushe.

Ranar, an zaunar da kakanmu cikin dattawa a rumfa. Fili kuwa aka ce na 'yan makaranta ne kaɗai, don haka Baffa yana bayan igiya tare da mu, ƙafarsa tana motsi a ƙasa. Yara suka taka, wuri ya ɗauki tafi. Da idona na ga kakanmu yana gyaɗa kai.

A hanyar gida tsohon ya ce, "Ashe abin nan da kyau."

Baffa ya matso kusa da shi. "Baba, ai ni na koya musu."

"Na sani. Amma su sa su aka yi. Kai wa ya sa ka?"

Har yau in na tuna, zuciyata takan yi ƙuna. Yanzu ba a taron gwamnati sai da asauwara, har kyauta ake ba masu yi, iyayensu suna sahun gaba suna tafi. Baffa kuwa tun daga ranar bai ƙara ɗaga ƙafa ba har ya koma ga Allah, kuma wannan karon ba wanda ya hana shi.