Gurbin Sallaya a Layin Dogon Malam Isiyaku

Ina kasuwar Zhanxi Lu, a ƙasar wajen da muke sarin kaya, ina duba takalma sai Alhaji Bawa, ɗan Gana mai yi mana lodi, ya dafa kafaɗata ya ce Malam Isiyaku ya cika a asibiti. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Har yau zuciyata ba ta gama yarda ba.

Ni da Isiyaku ɗaki ɗaya muke kwana a bayan benen kasuwar Tianxiu, ɗakin da in ka miƙe ƙafa sai ka taɓa bango. A nan bawan Allahn nan ya shimfiɗa ɗan layin dogo na wasa. Mahaifinsa tsohon direban jirgin ƙasa ne a Kano, idanunsa sun tafi. Isiyaku ya ƙudura sai ya kai masa jirgi har zaure, in bai gani ba ya ji ƙararsa.

Guntu-guntu ya yi shi, kowane katako daidai shiga kwali. Da igiyar da aka aiko masa daga gida, mai tsawon zauren tsohon, yake awo. Nakan tsokane shi in ce da gemunka kana wasan yara. Sai ya yi murmushi ya ce, “Kwanar layi ba ta son matsi, Habu. Ka matse ta, jirgi ya kife.”

In ana ruwa yakan kunna shi, jirgin ya shige ƙarƙashin gado ya ɓullo. Ya lumshe ido yana kiran tashoshi a hankali: Zariya, Kaduna, Minna. Wallahi nakan ga kamar bangon ya ja da baya, har in jiyo masu tallan rake.

Sai dai layin bai taɓa zagayowa ba. Inda zai haɗe nan muke shimfiɗa sallaya, shi kuwa ya ƙi taɓa wurin. Jirgi ya zo bakin sallaya, ya tsaya, ya koma da baya. “A zauren Baba zai zagaya,” in ji shi.

Bayan jana'iza na buga wa tsohon waya. Na yi masa gaisuwa, na ce zan turo kwalayen, zan kuma sa a yanka guntun da ya rage. Ya tambayi abin da ya hana Isiyaku ƙarasawa, na faɗa masa.

“Kada ka cike wurin, ɗana,” ya ce. “Ka haɗo mini da sallayar.”

Allah Ya jiƙan Isiyaku, Ya yalwata masa kabarinsa. Allah Ya ba Baba haƙuri, Ya raya abin da Isiyaku ya bari. Amin.