Ranar da Na Ce Allah a Cocin Diobu

Mu a gidanmu, can ƙasar Katsina, Kiristoci ne tun daga kan kakana, Hausawa kuwa tun kafin a haifi kakan kakana. Ban taɓa sanin waɗannan biyun suna buƙatar bayani ba sai da aure ya kawo ni Fatakwal. Maigidana yana harkar albasa a kasuwar Mile One, ni kuma na kafa teburin busasshen tattasai da kuɓewa da kuka a bakin layin mahauta. Mutanenmu na kasuwa sun karɓe ni hannu bibbiyu, ba zan ci amanarsu ba. Sai dai duk ranar da wani sabon zuwa ya ji ba na salla, sai ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Amma fa Hausarki ta fita." Ni kuwa in ce, "To ta wa za ta fita? Ai ba a kasuwa na sayo ta ba."

Wannan bai taɓa hana ni barci ba. Abin da ya ƙona mini rai a coci ya same ni, inda na ɗauka gida na zo.

Cocin yana unguwar Diobu. Da Turanci ake komai, in an gaji a sauko Pidgin. Na shiga ƙungiyar mata, na ɗinka anko, ina shara ina jera kujeru kamar kowa. Wata Laraba shugabar matan, wata doguwa mai muryar da ba ta buƙatar lasifika, ta nuna ni ta ce in rufe taro da addu'a. Na fara da ɗan Pidgin ɗina, ban yi nisa ba ya ƙare mini kamar kalanzir a fitila. Sai bakina ya koma inda ya saba. Na ce, "Ya Allah Ubanmu, mun gode maka."

Iyakar abin da na faɗa ke nan na ji kujeru suna motsi. Na buɗe ido na tarar kowa idonta a kaina. Ta kusa da ni ta ja jakarta ta matsa. Shugabar ta ɗaga hannu ta ce, "Madam, stop! Na Allah you dey call inside church?"

Amsa ina da ita fal ciki. Da wannan suna kakata ta yi addu'a har ta koma gare shi, da shi aka yi mini baftisma, shi ne a waƙoƙinmu. Su da suke kiransa Chineke da yarensu, wa ya taɓa ɗaga musu hannu? Sai dai fushi ba ya fita da harshen aro. Shugabar ta dafa kafaɗata cikin lallashi, kamar mai koya wa yaro cin tuwo, ta ce, "Just talk God. E no hard." Wata daga baya ta ce a yi haƙuri da ni, matar "aboki" ce, yadda suke kiran kowane Bahaushe. Aka yi dariya aka watse.

Ban daina zuwa ba. Gidan Ubana ne, ba a haifi wadda za ta kore ni ba. Amma addu'a ta mutu a bakina. In na durƙusa na ce God, sai in ji kamar ina gaida baƙo a tasha. In na buɗe baki zan ce Allah, sai in ga hannun nan a sama. Har abinci na koma ci ba godiya, ni da a da ko ruwa ba na kurɓa haka. Na ji tsoro ƙwarai, don na ga ina bushewa ina kallo. Na gaya wa maigidana, ya ce in rabu da su. Shi "rabu da su" ne maganin komai, har da ciwon haƙori.

Ana nan sai wata mata ta buɗe rumfar wake da gero daura da ni. Ban kula da ita ba sai ranar da wani mai saye ya ce zai dawo Lahadi, na ji ta ce masa, "Lahadi ina sujada, ka zo Litinin." Na bar tattasaina a buɗe na tsallaka. Musulmi yana sujada a cikin sallarsa, amma a ce ana tafiya sujada ranar Lahadi, wannan maganar mu ce kaɗai.

Na ce, "Baiwar Allah, sujada kika ce?"

Ta ce, "Ita na ce. Kurma ce ke?"

Sai ta ƙare mini kallo, ta kwashe da dariya, ta ture buhu ta ce in zauna. Mutuniyar ƙasar Zazzau ce, mijinta ya rasu, ta zauna Abakpa Nike a Inugu, ta zauna Anacha, sannan ta gangaro Fatakwal. Ta girme ni nesa, don haka Yaya nake ce mata.

Da na ba ta labarina ina sa ran lallashi. Ina! Ta ce, "Don wata ta ɗaga miki hannu shi ne kika yi wa Allah yaji? Shi ya ɓata miki? Ni a Inugu an ce in daina, a Anacha ma an ce in daina. Na ce su fara sake wa uwata suna tukuna, in na ga ta amsa sai mu yi magana."

Daga nan muka ɗinke. Kullum in rana ta take, ciniki ya lafa, sai mu shige bayan buhunanta mu karanta Maganar Allah da Hausa, ita ta yi addu'a ni in ce amin. Ban taɓa jin mai addu'a irinta ba. Tana gaya masa ciwon gwiwarta, da ƙwarin da suka shiga wake, da direban da ya riƙe mata kaya a hanya, har tana ce masa, "Kai ma ka san halinsa." Wani dattijon mahauci da ke bayanmu, da zarar ya ji an fara, sai ya ce wa abokan aikinsa, "Ku sassauta murya, mata suna ibada." Bai taɓa tambayarmu da izinin wa muke kiran sunan ba.

Ba kullum take da ƙarfi ba. Tana da ɗa guda da ya tafi Ikko ya yi shiru, kuma akwai ranakun da tunaninsa yake karya ta har ta kasa auna mudu. A irin ranar ni nake karatun, in riƙa mayar mata da maganganunta ɗaya bayan ɗaya har ta share fuska ta ce na cika surutu. Amma ko a ranar, in aka zo addu'a, ita ce dai. Takan harare ni ta ce, "Amin kawai? Bakina aro na ba ki fa, kayan aro kuwa ba ya rufe katara." In ce mata gobe. Ta ce goben nan tawa ta fi ta maƙeri nisa.

Wata rana da damina Yaya ta yanke jiki ta faɗi a tsakanin buhunanta. Mahautan ne suka ɗauke ta a keke mai ƙafa uku zuwa asibiti. Ɓarin jikinta ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke gaba ɗaya. Na zauna gefen gadon ina kallon bakin da ya ɗauke ni duk tsawon lokacin nan, yana motsi ba abin da ke fita.

Ba ta da kowa a garin, don haka na roƙi matan cocinmu su zo duba ta. Sun zo, wannan kam zan shaide su, da lemo da abinci a kula. Shugabar ta tsaya a kanta ta yi addu'a da Turanci da iyakar ƙarfinta, har masu jinya na ƙarshen ɗaki suna amsawa. Yaya ba ta ko dube ta ba. Ni take kallo. Da hannun da ya rage mata ta kama gefen zanena ta ja, ta sake ja. Na san wannan hararar ko a cikin duhu.

Bakin da ta ba ni aro take so in mayar mata. Na juya na ce wa shugabar, "Madam, I wan pray. Who no wan hear, door dey." Na durƙusa a kan siminti, na riƙe hannun Yaya, na ɗaga murya yadda za a ji har baranda.

Na ce, "Ya Allah Ubanmu, ga baiwarka. Ka san ta, ka san bakinta ba ya shiru, yau ga shi ya yi. Ka dube ta, Allah. Ka tuna da ɗanta da ke Ikko, kai ma ka san halinsa." Ban san iyakar abin da na faɗa ba. Na san dai na kira sunan har na ƙoshi, ina kuka ina kira, kuma ban buɗe ido na ga ko an ɗaga hannu ba. Da na rufe cikin sunan Yesu, na ji amin daga bayana, ban juya na ga na su wa ba. Wanda na ji da kyau daga kan gado ya fito, a karkace, da ƙyar, kamar ana jan guga daga rijiya mai zurfi.

Tun daga ranar, in an nuna ni a coci, da Hausa nake yi. Wasu har yanzu suna buɗe ido, idonsu ne, su buɗe.

Yaya ba ta koma kasuwa ba, maganarta ma ba ta dawo ba. Tana ɗakinmu na baya. In rana ta take nakan rufe tattasaina in hau okada in je in zauna gefen katifarta. Yanzu ni nake yin addu'ar, in na cika tsawaitawa ta mintsine ni. Kalma ɗaya ce ta rage mata a duniya, amin, kuma ba ta taɓa bari na gama ba ta faɗe ta ba.